Buhu Goma Na Maɗaci

Litinin, 4 ga Agusta, bayan Azahar

Yau kwana tara.

Na buɗe sito ƙarfe takwas kamar kullum, alhali na san ba abin da zai shigo. Mama Asibi, mai kula da shanya, ta riga ni zuwa. Ta share rumfa tas, ta sake sharewa. Muka zauna muna kallon ruwa na zuba daga indararo.

Buhu huɗu na ganyen marke suka rage, da rabin buhun saiwar tafashiya. Na sake duba su don kawai hannuna ya sami abin yi. Shekara uku ke nan ina wannan aiki a ƙungiyar masu sassaƙe ta Magajin Gari. Duk buhun da zai tafi kamfanin magani na Kaduna sai ya bi ta hannuna. In zazzage shi a tabarma, in gwada shi da samfurin da ke cikin kwalabe, in shinshina, in karya, in ɗanɗana. In tankaɗe in ga yawan yashi da tsakuwa. In soka masa mitar danshi, in ya wuce kashi goma cikin ɗari ya koma wa mai shi ya shanya. Sannan in cike fom: wane itace ne, daga ina, wa ya sassaƙo, yaushe. Sai hatimi. Fom da mita a makaranta na koye su. Hanci da harshe kuwa wurin Baba na samu.

Baba ya fita waccan Asabar da gizagonsa da buhu biyu. Ya ce bayan Damari kaɗan zai tsaya, akwai manyan itatuwan maɗaci a bakin rafi. A nan aka tsinci hularsa da gorar ruwansa.

Wasu gidajen ana kiransu a waya a nemi kuɗin fansa. Mu ba a kira mu ba. Wasu sun ce alheri ne, wasu sun yi shiru. Ba zan rubuta sunan waɗanda ke cikin dajin a littafin nan ba.

Talata, 5 ga Agusta, da safe

Inna ta dama koko kofi uku. Na sha nawa, na sha na ukun kafin ta juyo.

Alhamis, 7 ga Agusta, bayan La'asar



Yau kasuwa ta ci, in dai za a kira wannan ci. Wajen sha ɗaya Malam Maiturare, dillalin da kan kawo mana kaya daga ƙauyuka, ya tsayar da kura a ƙofar sito. Buhu shida na ɓawon maɗaci. Rabonmu da ganin maɗaci mai yawa haka tun kafin azumi.

Na kwance na farko na zazzage. Ban kai ga ɗaukar mita ba na zauna a ƙasa.

Faɗin tafin hannu, tsawon kamu ɗaya, an kankare bayan da kyau, bakin yankan a karkace kaɗan saboda mai yankan bahago ne. A inuwa aka shanya shi, launinsa bai ƙone ba. Mutum ɗaya na sani a ƙasar nan mai irin wannan sassaƙa, kuma tun ina shekara bakwai nake tsince masa abin da ya faɗi.

Mama Asibi ta ɗauki guda ta juya shi, ta faɗi wata kalma da Gwaranci, ta ajiye a hankali. Ba ta dube ni ba.

Na ce, “Malam, daga ina kayan nan?”

Ya ce, “Gayam.”

“Wa ya sassaƙo?”

“Ki sa sunana.”

Na ce fom ba sunan dillali yake so ba. Ya leƙa waje, ya dawo, ya rage murya.

“Jannatu, ni ɗan aike ne. A bakin hanya ake ajiye mini, a bakin hanya nake ɗauka. Ban ga fuskar kowa ba. Abu ɗaya aka gaya mini: muddin kaya na karɓuwa, mai sassaƙar yana da amfani a wurinsu.”

Na ce, “Yana da rai ke nan.”

“Ni ban ce komai ba.”

Danshi kashi tara. Ba tsakuwa, ba ƙwaro, ba fumfuna. Ɗacinsa ya kama mini harshe har maƙogwaro. Ban taɓa karɓar kaya mai kyau haka ba a bana. Na rubuta Gayam. Na rubuta Maiturare. Na buga hatimi shida.

Ƙaryata ta farko ke nan a fom, kuma ko kaɗan ba ta yi mini nauyi ba. Wannan ne ya ba ni tsoro.

Alhamis ɗin dai, bayan Magariba

Na kai wa Inna guntu ɗaya. Ta karɓa, ta shafa bakin yankan da babban yatsa, ta kai hanci. Sai ta ƙulle shi a bakin zaninta ta tashi ta tayar da nafila.

Asabar, 9 ga Agusta, ƙarfe goma

Na cire samfur daga kowane buhu na ƙulle a leda don ɗakin gwaji na Kaduna. Ba motar da za ta kai. An rufe hanya tun jiya. Ba a faɗi dalili ba, ba mu kuma tambaya ba.

Lahadi, 10 ga Agusta

Ruwa.

Talata, 12 ga Agusta, bayan Azahar

Sabis ya dawo na ɗan lokaci. Na hau tudun bayan makarantar firamare na kira Madam Deborah, mai kula da ingancin kaya a kamfanin. Muryarta na yankewa.

Ta ce kayansu sun ƙare, maganin zazzaɓi da shawara da suke yi ana ta nema, damina ce. Duk ranar da aka sami rakiyar sojoji a ɗora buhunan. Na ce samfur fa? Ta ce su zo tare, amma ba za su iya jiran sakamako ba, za su fara niƙa.

“Jannatu, shekara uku ba mu taɓa mayar da buhu mai hatiminki ba. Yanzu ke ce ɗakin gwajinmu.”

Na ce to. Sabis ya ɗauke.

Na daɗe a tudun. Daga can ana hango bakin dajin, kore shar, kamar ba komai a ciki.

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan La'asar

Buhu bakwai.

Hannunsa ne, amma ba kamar wancan ba. Wasu gajeru, wasu an tsinke su a tsakiya kamar gizagon ya kuɓuce. Kuma duk masu kauri ne, da jar ƙasar gara a jikinsu. Ɓawon gindi ke nan. Baba ba ya taɓa gindin itace, yakan ce nan ne itace ke jin ciwo. Daga ƙirji zuwa sama yake ɗiba, gefe ɗaya kawai.

Mama Asibi ta ce, “A zaune ya yi.”

Na ce, “Mama, don Allah.”

“To. Ban faɗa ba.”

Danshi sha uku. A ƙa'ida in mayar wa mai kaya ya je ya busar. Ban mayar ba. Muka baje a kan ragar waya, muka hura gawayi nesa-nesa a ƙasa, muna juyawa har yamma. Muka goge ƙasar garar da buroshi ɗaya bayan ɗaya.

Malam Maiturare bai zauna ba. Ya ce, “An karɓa?” Na ce an karɓa.

Asabar, 16 ga Agusta, da hantsi

Danshin ya sauko goma daidai. Na buga hatimi. Ba ƙarya a lambar, amma na san ni na kai ta nan.

Litinin, 18 ga Agusta, bayan Azahar

An sami rakiya. Buhu goma sha uku sun tafi. Na tsaya a tasha har ƙurar motar ƙarshe ta kwanta. Mutane da yawa sun bi ayarin da katifu da tukwane. Gidan da ke kallon namu ma sun tafi, sun bar mana makulli da akuya.

Inna ta ce ko da garin zai koma mu biyu, ba inda za ta.

Laraba, 20 ga Agusta

Gobe Alhamis. Na tsani ranar, kuma ita nake jira.

Alhamis, 21 ga Agusta, bayan La'asar

Buhu goma.

Tun daga ƙofa na ji warin. Wari ne irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Buhunan a jiƙe, gindinsu ya yi baƙi.

Wannan ba gizago ba ne, adda ce. An daddatsa ƙanana-ƙanana kamar za a hura wuta. Akwai ɓawon ƙananan itatuwa da bai kai kaurin farce biyu ba, akwai itace a manne da wasu. Fumfuna fara da kore. Mita ta nuna ashirin da ɗaya.

Na ce a raina, danshi ne, mun san maganinsa. Mai fumfuna a tsince a zubar. Ko buhu huɗu aka samu ai an karɓa.

Mama Asibi ta kwance na uku ta zazzage, ƙura ta tashi, sai ta fara atishawa. Ɗaya, biyu, har na daina ƙirgawa. Hawaye na zuba. Da ta ɗago, haɓo ya ɓalle mata, jini har kan rigarta. Ni ma hancina ya ɗau zafi kamar an busa mini barkono.

Maɗaci ba ya sa atishawa.

A saman buhu na huɗu, a bakin ɗaurin, na sami guda ɗaya babba. Faɗin tafin hannu, tsawon kamu, yankan a karkace. Hannun Baba ne, shi kaɗai a duk buhunan goma. Amma ba maɗaci ba ne. Cikinsa ja ne mai duhu, in ka karya yana da tsakuwa-tsakuwa. Na ɗauko kwalbar da ke can saman kanta, mai jan rubutu, wadda ban taɓa buɗewa ba sai don koyarwa. Na jera su.

Gwaska ce. Guba. Kaɗan daga cikinta yana tsayar da zuciyar babban mutum.

Na koma cikin ƙananan na tona. Ga ta nan a ciki, nan guda, can guda, fumfuna ta rufe launin.

Malam Maiturare ya ce, “An karɓa?”

Na ce sai na gama dubawa. Ya ce Alhamis mai zuwa ake son amsa.

Juma'a, 22 ga Agusta, da safe

Abu biyu ne, tun jiya nake juya su.

Ko dai ya ga abin da ake zubawa, ba shi da ikon hanawa, ya yanko babba ya ɗora a sama yadda ba zan kasa gani ba.

Ko kuma ya kai inda ba ya bambance gwaska da maɗaci.

In na farko ne, cewa yake kar in karɓa. In na biyu ne, bai kamata in ɓata ko kwana ɗaya ba.

Asabar, 23 ga Agusta, bayan La'asar

Mun ɗaure hanci da ƙyalle mun zauna tsincewa. Tarin dama maɗaci, tarin hagu gwaska, na tsakiya wanda ba mu tabbatar ba. Kafin Azahar na tsakiya ya fi duka biyun.

Na gwada jiƙawa a ruwa in ga launi. Na gwada kankarewa. Babba yana nunawa, ƙarami ba ya nunawa. Ɗanɗanawa kuwa ba hali. Da akwai hanya, da ɗakin gwaji ya raba mana gardama. Ba hanya.

Na sake bin tarin dama, wanda na riga na ce mai kyau ne. Na tsinci gwaska uku a ciki. Ni da idona na wuce su.

Lahadi, 24 ga Agusta

Mama Asibi tana coci. Ni kaɗai. Na sake bi, na sami biyu.

Litinin, 25 ga Agusta, bayan Azahar

Malam Munzali, shugaban ƙungiya, ya zo. Abokin Baba ne tun suna samari. Ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba. Na nuna masa babban guntun. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, “Kashi nawa ne a ciki?”

Na ce ban sani ba, Baffa. Wataƙila ɗaya cikin ashirin. Wataƙila fiye.

“A can za a haɗa da na wasu wurare a niƙa. Tukunyarsu babba ce.”

Na ce yara ake ba maganin, cokali-cokali.

Ya cire hula ya share goshi. “Ni ban ce ki buga ba, 'yata. Ban kuma ce kar ki buga ba. Hatimin a hannunki ƙungiya ta sa shi.” Ya juya zai tafi, ya tsaya. “Ni na gaya masa akwai maɗaci a rafin nan. Ni na gaya masa.”

Ya tafi bai yi sallama ba.

Talata, 26 ga Agusta, bayan Magariba

Ban san wa ya gaya wa Inna ba.

Ina wanke kwanuka ta zo ta tsuguna kusa da ni. Inna ba ta taɓa tsoma baki a aikina ba. Ta ce, “An ce takarda ce kawai.”

Na ce ba takarda ba ce kawai, Inna.

“Na sani. An ce da mugun itace a ciki. Na san gwaska tun ba a haife ki ba.” Ta karɓi kwanon daga hannuna ta ajiye. “'Ya'yan mutane ne za su sha, na sani. Allah ya yafe mini, na sani. Amma ban san su ba, Jannatu. Shi na sani. Shekara talatin da shida muna tare.”



“Ki buga. In zunubi ne a rubuta a kaina.”

Na ce ba a raba shi haka.

Ta tashi. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 27 ga Agusta, ƙarfe tara na safe

Na cike fom ɗin. Danshi goma. Baƙon abu babu. Na buga hatimi. Yana cikin aljihun tebur.

Laraba, ƙarfe sha ɗaya

Na ce wa Mama Asibi ta kawo sababbin buhuna da basilla mu ɗinke tarin dama da na tsakiya. Ta kawo ta ajiye a gabana, ta koma ta zauna kan turmi.

Na ce, “Mama, lokaci na tafiya.”

Ta ce, “Ki ɗinka. Ba wanda zai ji daga bakina, har in mutu. Amma hannuna ba zai taɓa ba.”

Na ce ke ba ki san yadda nake ji ba. Ina faɗa na yi da-na-sani. Shekara biyu ke nan da aka kawo mata mijinta daga gona a cikin buhun taki.

Ba ta yi fushi ba. Ta ce, “Ni ba a ba ni zaɓi ba, 'yata. Kullum ina cewa da an ba ni. Yau da na gan ki, na gode wa Allah da ba a ba ni ba.”

Na zura zare a basilla. Na ɗinka buhu ɗaya har ƙarshe. Na fara na biyu. Ƙurar ta shige ƙyallen, na yi ta atishawa har na kasa ganin bakin buhun.

Laraba, bayan La'asar

Na yaga fom ɗin.

Ba wani tunani mai kyau da ya zo mini. Kawai na kasa ɗinka na biyu.

Ƙonawa ba ta yiwu ba, kayan a jiƙe, hayaƙin kuma ba na shaƙa ba ne. Mun haƙa rami a bayan sito, nesa da rijiya, mu biyu da fartanya. Ƙasa ta yi laushi saboda ruwa. Muka zuba duka har tarin dama, muka barbaɗa farar ƙasa, muka rufe. Na cike sabon fom: an ƙi, gaurayen gwaska, fumfuna, danshi ashirin da ɗaya.

Ban gaya wa Inna ba. Ta ga ƙasa a ƙafata.

Alhamis, 28 ga Agusta, da hantsi

Malam Maiturare ya zo ba kura. Na gaya masa. Ya zauna a dakali kamar an zare masa ƙashi.

“Kin san matata da 'ya'yana a ƙauye suke? Kin san ta ƙofar gidana ake wucewa?”

Na ce na sani. Na ba shi takarda da na rubuta da manyan baƙi, da guntun maɗaci na gaske a leda. Na rubuta cewa duk abin da tsohon ya sassaƙa da hannunsa zan karɓa, ko buhu ɗaya ne, ko rabi. A bar shi ya zaɓi itacen da kansa. A ba shi magani in ba shi da lafiya, aikin zai fi kyau.

Ya ce, “Kina zaton suna karatu?”

Amma ya sa a aljihu.

Asabar, 30 ga Agusta

Inna tana amsa gaisuwata. Iyakarta ke nan.

Talata, 2 ga Satumba, bayan Azahar

Madam Deborah ta ce na kyauta, za ta rubuta wa manyansu su yaba mini. Na kashe wayar tana cikin magana.

Alhamis, 4 ga Satumba

Ba kura. Ba Maiturare. Na zauna a ƙofar sito har aka kira Magariba.

Alhamis, 11 ga Satumba

Haka dai.

Asabar, 13 ga Satumba, bayan Azahar

Masu cire ciyawa a gonar masara kusa da Damari suka sami Baba jingine da tushen ɗorawa. Da amalanke aka fito da shi bakin titi.

Yana asibiti. Ƙafar dama ta kumbura har gwiwa, likita ya ce sai an ga yadda kwana uku za su yi. Ya rame har zoben azurfarsa ya faɗi. Ya gane Inna. Ya gane ni.

Yadda aka yi ya fito, ban tambaya ba. Bai faɗa ba.

Inna ta riƙe hannuna a barandar asibiti, ta matse har ya yi mini zafi.

Laraba, 17 ga Satumba, bayan La'asar

Ƙafar za ta tsira, ban da yatsu biyu.

Yau ya yi magana mai tsawo, Inna ta je alwala. Idonsa na kan silin.

Ya ce ba shi kaɗai ba ne. Da ƙafar ta hana shi tsayuwa, sai aka haɗa shi da wani manomi daga Gayam, Nathaniel, wanda aka ɗauke a gonarsa. Shi ke goya Baba zuwa rafi, shi ke tauna masa rogo in ya yi tauri. Bai san itace ba. Aka ba shi adda aka ce buhu goma kafin Laraba, Baba kuwa zazzaɓi ya kwantar da shi. Sai da aka zo ɗaurewa Baba ya ga abin da ke ciki.

Na ce, “Ina yake yanzu?”

Ya ce ranar da amsa ta iso, aka tambayi wa ya sara. Nathaniel ya ce shi ne.

Ya juya fuskarsa bango.

Alhamis, 18 ga Satumba

Ban je sito ba.

Lahadi, 21 ga Satumba, bayan La'asar

An sallamo Baba shekaranjiya. Yau wajen sha biyu aka yi sallama a ƙofar gida. Mace ce doguwa da kayan zumuntar mata na coci, takalmanta a hannu saboda laka. Ta ce sunanta Rahila, matar Nathaniel, daga Gayam. An gaya mata akwai wanda ya fito.

Inna ta shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗakin Baba. Ni ina daga gefe, bakin murhu.

Baba ya gaya mata. Bai ɓoye ba, bai kuma ƙara ba. Ya gaya mata goyon, da rogon, da waƙar da mijinta kan yi a hankali da safe. Ya gaya mata wurin, kusa da wani dutse mai tsagewa biyu, ya ce shi da wani suka rufe shi da hannu, sun kuma sa alama. Ta saurara, tana murza bakin gyalenta. Ta tambaya ko ya sha wuya. Baba ya ce bai daɗe ba.

Sai ta ce, “An ce kaya ne aka ƙi karɓa a gari. Wa ya ƙi?”

Inna ta buɗe baki za ta ce ƙungiya ce.

Na ce, “Ni ce.”

Ta juyo ta dube ni. Ba ta girme ni da yawa ba. Ta daɗe tana kallona, ni kuma na rasa inda zan sa idona, sai na bar shi a kanta.

“Da gaske guba ce?”

“Da gaske.”

“Ke kika gani da idonki?”

Na ce da idona. Na ce yara ake ba maganin.

Ta gyaɗa kai sau biyu. Ta ce, “Bai san itace ba. Ko a gida, dawa da masara kawai ya sani.” Ta yi ɗan murmushi, ya ɓace. “Muna da yara huɗu. Zan gaya musu haka.”

Ban san me za ta gaya musu ba. Ban tambaya ba.

Ta ce a ba ta ruwa. Na kawo a kofin silba, na durƙusa na miƙa. Ta karɓa daga hannuna ta shanye duka. Inna ta ce ta kwana, ta ce a'a, in La'asar ta wuce ba mai babur da zai yarda ya bi hanyar, kuma yaran su kaɗai ne.

Na raka ta har tasha. Da ta hau babur ta gyara zama, sai ta ce, “Me sunanki?”

Na gaya mata. Ta maimaita sau ɗaya, mai babur ya ja.